Yadda ake ɗinka bargon haɗe-haɗe da guntayen atamfa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ana saura mako biyu sallah ya ga buhun nan da ake turawa ƙarƙashin tebur, wanda ake zuba ragowar atamfa da shadda a ciki, kuma ya san cewa yawancin abin da ke cikinsa a bola yake ƙarewa, in an yi sa'a a mayar da shi tsumman goge keke ko cikon matashi. Da irin waɗannan ƙyallaye ake ɗinka bargon haɗe-haɗe, wato bargo mai falle uku: fuska da aka harhaɗa daga guntaye, ciko mai laushi a tsakiya, da shafi a baya, sa'annan a bi da ɗinki a ratsa su gaba ɗaya don kada cikon ya gudu ya taru wuri guda. Wannan ratsawar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin da ita ake yin lifidin da ake sa wa doki da mahayinsa, wanda tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, da ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo shi. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne ƙawata fuskar da tsararrun guntaye, aikin da matan ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama a Amurka suka yi suna a kansa, har a 2002 aka rataye bargunan da suka ɗinka da tsofaffin tufafin aiki a manyan gidajen adana kayan fasaha na ƙasar.

Bargon da zan bayyana a nan faɗinsa inci 72 ne, tsawonsa inci 84, wanda zai rufe katifar ƙafa huɗu da rabi har ya ɗan sauko ta gefe. Tsarinsa shi ne mafi sauƙi ga mai farawa, ina kiransa gida tara, saboda ana haɗa ƙananan murabba'i tara, uku a tsaye uku a kwance, su ba da babban gida guda.

Aikin farko na takarda ne da fensir. A samu takardar lissafi mai ƙananan gidaje irin ta 'yan makaranta, a ɗauki kowane gida a matsayin inci 4, a zana manyan gidaje 30, biyar a kwance shida a tsaye, kowanne inci 12. Goma sha biyar daga cikinsu su zama gida tara, sauran goma sha biyar su zama yadi guda ba haɗi, a jera su ɗaya bayan ɗaya kamar allon dara na Turawa, sa'annan a kewaye su da gefe mai faɗin inci 6. A cikin kowane gida tara, kusurwoyi huɗu da tsakiya su zama masu duhu, sauran huɗun masu haske. Wasu kan ga wannan zanen ɓata lokaci ne, amma a kansa ne mutum zai gane ko launukan da ke ransa za su zauna lafiya da juna, kuma daga gare shi ne lissafin abin da za a sayo zai fito. Lissafin kuwa ga shi: ana bukatar ƙananan murabba'i masu duhu 75, masu haske 60, da manyan murabba'i 15. Kowane yanki ana ƙara masa rabin inci a kan girman da ake so ya fito da shi, saboda ɗinki zai ci kwatan inci ta kowane gefe, don haka ƙananan za a yanka su inci 4 da rabi, manyan inci 12 da rabi.

Abin da ke fito da tsari a ido shi ne bambancin duhu da haske, ba yawan launi ba. Atamfa ja da atamfa koriya suna iya zama masu nauyi ɗaya a ido, in aka jera su sai zanen ya dagule, daga nesa a ga kamar an zubar da miya. Hanyar ganewa ita ce a baje ƙyallayen a ƙasa, a ɗauke su hoto da waya, a mayar da hoton baƙi da fari. Duk wanda ya fito toka-toka a tsakani, a ware shi don wani aikin. Kuma tun da atamfa kanta mai surutu ce, ga furanni ga ganyaye ga tsuntsaye, ra'ayina shi ne a bar ta a gurbin masu duhu kawai, a sa yadi maras zane mai ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske a sauran guraben, don ido ya samu wurin hutawa. Zanen atamfa mai manyan furanni idan aka yanka shi inci 4 ba ya nuna komai sai ɓarin ganye, saboda haka mai ƙananan zane ya fi dacewa da ƙananan gidaje, mai manya kuma a ajiye shi don shafi.

Sai zuwa neman kaya, kuma a nan ne nake ganin rabin kyan bargo ke yankewa. Guntaye masu duhu a nemo su wajen telan unguwa, amma a biya shi wani abu ko da bai nema ba, a kuma gaya masa cewa na auduga ake so, masu girman tafin hannu zuwa sama, domin telan da aka saya a wajensa sau ɗaya yakan fara ware masu kyau a leda daban. Sauran kayan dole a saya: yadi ɗaya na mai haske don ƙananan gidaje, yadi biyu don manyan gidaje, yadi ɗaya da rabi don gefe, da turmin atamfa guda, wato yadi shida, don shafi da kalmasar baki. An yi wannan lissafi ne a kan yadin da faɗinsa bai gaza inci 44 ba bayan an cire bakunansa, saboda haka a tafi da tef a auna.

Mutum zai iya samun duk wannan a Kantin Kwari, kasuwar da 'yan kasuwa ke zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru, amma manyan shagunan sari da dila-dila suke ciniki, ba su da lokacin wadda ta zo neman yadi ɗaya da rabi na ruwan madara. Mai ƙaramin kanti, ko a cikin Kwarin ne ko a bakin titin unguwa, ko matar da ke sayar da atamfa a cikin gida, su ne abokan wannan aiki. Su za su yarda su yanka rabin yadi, su bari a fito da yadin rana a kara shi da guntayen da aka zo da su, kuma idan yadi ya ƙare a tsakiyar aiki su ne za su tuna wanda aka saya su nemo irinsa. Akwai wani dattijo da nake saye a wajensa, wanda ranar da na fara gaya masa abin da zan yi da yadin ya karɓi ledar guntayena ya zazzage a kan benci, ya ɗauki wani shuɗi ya murza da yatsu biyu ya ce, "Hajiya, wannan roba ce, in kin haɗa shi da auduga dutsen guga zai tona miki asiri." Na ce, "Alhaji, ai kyansa ne ya ja ni." Bai ce komai ba, ya zaro 'yan zaruruwa daga bakin ƙyallen ya ƙyasta ashana, suka narke suka dunƙule kamar ƙwallon leda, sa'annan ya yi haka da na auduga, ya ci wuta ya zama toka mai ƙaurin takarda. Hoton da mai sayarwa ya turo ta waya ba zai yi wa mai saye wannan gwaji ba, kuma ragin da za a samu a wajen wanda ba a sani ba bai kai asarar bargo guda ba. Tun da masaƙun Kakuri a Kaduna, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957, suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, yawancin atamfar da ke kasuwa daga waje take zuwa, mai kyau da maras kyau a cakuɗe, wani lokaci da tambarin da ba nata ba, don haka mai kantin da ya san kayansa kuma yake jin kunyar ya yi wa mutum ƙarya ya cancanci a riƙe shi, a biya shi a kan lokaci, a kuma turo masa wasu.

A wannan fitar a sayo zaren auduga ko na roba mai kyau ruwan toka, wanda ke ɓacewa a cikin kusan kowane launi, da allurar keke sabuwa, da fil mai maƙulli da yawa, da allin tela. Ciko kuma, tsohon bargo maras kauri da aka wanke ya wadatar, ko shimfiɗaɗɗiyar faiba irin wadda masu ɗinkin zanen gado ke amfani da ita. A guji audugar rimi, domin ko da yake tana da taushi a matashi, a bargo takan dunƙule da zarar ta sha ruwa.

Kafin almakashi ya taɓa komai a wanke kayan duka, kowane launi a robarsa. Dalili biyu ne: auduga tana tsukewa a wankin farko, kuma ba kowace iri ce ke tsukewa daidai da 'yar'uwarta ba, sa'annan wasu atamfofin suna zuba. Bargona na farko na ɗinka shi ne da wata jar atamfa da na saya a hannun wani mai talla saboda araha, na ƙi wanke ta don ina ɗokin farawa, ranar da na jiƙa bargon bayan wata biyu ina aiki a kansa duk fararen gidajen suka koma ruwan hoda, har yau yana nan ana shimfiɗa wa yara a tsakar gida. A jiƙa kowane ƙyalle da ruwan ɗumi tare da guntun farin yadi, a yi ta sauya ruwan har ya fito fes. Wanda aka sauya wa ruwa sau huɗu bai daina zuba ba a haƙura da shi. Rinin baba na karofi yana da kyau ƙwarai a gurbin masu duhu, amma shi ma sai an ɗauraye shi sau da yawa. A shanya a inuwa, a goge tun da ɗan danshi, in yadin ya yi laushi da yawa a ɗan sa masa sitaci don ya tsaya a yanka.

Wajen yanka, a yi ma'auni da kwali mai kauri ko roba mai tauri, ɗaya inci 4 da rabi ɗaya inci 12 da rabi, a tabbatar kusurwoyinsa sun miƙe ta hanyar kara shi da kusurwar littafi. A ɗora shi a bayan yadi a bi da fensir mai tsini, a yanka a kan layin. Gefen ma'aunin ya bi tsayin saƙar yadin, domin murabba'in da aka yanka a karkace yana miƙewa a ƙarƙashin keke. A cire bakin atamfa mai rubutun kamfani, kada ya shiga ko'ina. Ma'aunin kwali yana cinyewa a hankali, saboda haka bayan an zana kamar arba'in a sake auna shi.

Yanzu sai keke, kuma a nan ƙa'ida ɗaya ce tak: kowane ɗinki kwatan inci ne daga baki, ba ƙari ba ragi. A auna kwatan inci daga allura zuwa dama a manna tef mai kauri a kan farantin keken, ya zama shi bakin yadi zai riƙa bi. A gwada da guntaye uku, a haɗa su a jere, a goge, a auna. In sun ba da inci 12 da rabi an dace, in ba haka ba a gyara tef ɗin. Wannan gwajin ba ƙaƙale ba ne, domin idan ɗinkin ya zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci kawai, gida tara zai gaza da rabin inci, ya ƙi haɗuwa da babban murabba'in da ke kusa da shi, kuma ja da ƙarfi ba zai gyara shi ba sai dai ya kawo tattara.

Ana haɗa gida tara ne layi-layi: mai duhu, mai haske, mai duhu a sama da ƙasa, mai haske, mai duhu, mai haske a tsakiya, fuska na kallon fuska a kowane ɗinki. A kwantar da kowane ɗinki da dutsen guga zuwa ɓangaren mai duhu, a danna a ɗaga, kada a goga gaba da baya. Amfanin haka shi ne idan aka zo haɗa layukan uku, ɗinkin sama zai kwanta hagu na ƙasa ya kwanta dama, su cije juna, mahaɗar ta fito daidai, kuma yatsa zai ji sun zauna tun kafin a soka fil. Kada a bari atamfa iri ɗaya ta maimaitu fiye da sau biyu a gida guda.

Idan gidaje 15 sun kammala, a share ɗaki a baje su a ƙasa tare da manyan murabba'in kamar yadda aka zana, a hau kan kujera a duba daga sama, a sassauya har launi mai ƙarfi ya bazu ko'ina, kada ya taru a kusurwa ɗaya. A lika wa kowane layi lamba da 'yar takarda, a haɗa gidaje biyar-biyar, sa'annan a haɗa layukan shida. Gefe kuma a yanka shi tsiri bakwai masu faɗin inci 6 da rabi, a jona su, a fitar da guda huɗu masu tsawon inci 72 da rabi. A fara ɗinka na hagu da na dama, sa'annan na sama da na ƙasa. A soka fil a tsakiya da ƙarshe biyu kafin a ɗinka, domin wanda ya ɗora dogon tsiri ya yi ta ɗinki yana yanke ragowa a ƙarshe, gefen bargonsa zai yi igiyar ruwa.

Daga turmin atamfar a yanka tsawon inci 92 sau biyu, a cire bakunan, a jona su ta tsawo, a buɗe ɗinkin da guga; abin da ya rage na turmin a ajiye shi. A shimfiɗa shafin a kan siminti mai tsabta fuskarsa na kallon ƙasa, a ɗame shi da tef ko a danne gefensa da wani abu mai nauyi, ba tare da an ja shi ya miƙe fiye da kima ba. A ɗora ciko, a ɗora fuska tana kallon sama, a bar shafi da ciko su zarce ta da kamar inci 4 ta kowane gefe, domin ɗinkin ratsawa yana jawo su ciki. A shafa da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje, a soka fil mai maƙulli kowane faɗin tafin hannu ya kama falle ukun. Gwiwa za ta yi ciwo, gara a samu mai taimako.

Ratsawa ita ce aikin da ya fi cin lokaci. A zana layuka da alli da doguwar rula daga kusurwa zuwa kusurwa na ƙananan gidaje masu duhu, a zarce da su cikin manyan gidaje, su gitta juna. A fara daga tsakiyar bargo a nufi waje, don duk wani kumburi ya gudu zuwa baki. Mai amfani da keken ƙafa irin Butterfly ko Singer ya ƙara tsawon taku, ya sassauta danniyar ƙafar keken, ya naɗe rabin bargon ya shige ta hammatar keken, ya kuma ajiye tebur a gefe ya ɗauki nauyin sauran, domin nauyin da ke rataye shi ke karkatar da layi. Ni dai na fi son ɗinkin hannu da zare mai ɗan kauri, a soka a fito a soka a fito, taku daidai da juna ko da manya ne, a ja ƙullin farko da ɗan ƙarfi ya shige cikin ciko ya ɓuya, da abin kare yatsa a ɗan tsakiya. Wanda ba shi da wannan haƙuri yana iya ɗaure bargon da zare mai kauri a kowace mahaɗa, ya ƙulla sau biyu ya bar ɗan geza, amma kada tazarar ɗauri ta wuce inci 4. Mai son ya rufa da bargonsa a hunturu ya fara tun damina ba ta ɗauke ba.

Bayan an gama a cire fil, a datse ragowar ciko da shafi daidai da bakin fuska. Don kalmasar baki, daga ragowar turmin a yanka tsiri takwas masu faɗin inci 2 da rabi, a jona su a karkace don kada mahaɗar ta yi tudu, a ninka dogon tsirin biyu ta tsawo a goge. A ɗora ɗanyen bakinsa, wato ɓangaren da aka yanka, a kan ɗanyen bakin bargon ta fuska, a fara daga tsakiyar wani gefe a bar jela kamar inci 8, a ɗinka kwatan inci. In an kusa kusurwa a tsaya saura kwatan inci, a cire daga keke, a ɗaga tsirin sama ya yi karkatacciyar ninki, a sake sauko da shi ya bi gefe na gaba, a ci gaba daga can saman. Idan an zagayo a cusa ƙarshen cikin jelar farko bayan an kalmashe bakinta. Daga nan a juya tsirin zuwa baya ya rufe layin ɗinkin, a kama shi da allurar hannu da ƙananan taku da ba sa fitowa ta fuska, kusurwoyin kuma za su kwanta da kansu in an ɗan taimaka musu da tsinin allura.

Wankin farko a yi shi a babban baho da ruwan sanyi da sabulu maras ƙarfi, a tattaka da ƙafa ko a danna da hannu, kada a murɗe. A shanya shi a kan igiya biyu ko uku a inuwa don nauyin ruwan ya rabu, shafin na kallon sama. Idan ya bushe za a ga ya ɗan yamutse a tsakanin layukan ɗinki, allin kuma ya fita. Wannan yamutsewar haka ake son ta, ba a bin ta da guga.